Wat nawa ke isar falo? Abin da masu kayan sauti a Jos suka gani

Mai tambaya, daga Unguwar Rogo: Assalamu alaikum. Ina shirin sayen amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, domin falona, wanda bai wuce ƙafa 12 da 14 ba, kuma da na zaga shagunan da ke kusa da Terminus na ga wata an rubuta mata wat (ma'aunin ƙarfin na'ura) 3,000 a kwali, ga wata kuma mai wat 50 kacal, amma ta fi waccan tsada. Ina roƙon waɗanda suka taɓa amfani da irin waɗannan kaya su faɗi abin da suka gani.

Mai gyaran kayan sauti, Dilimi: Wa alaikumus salam, Malam. Idan ka duba kusa da wat 3,000 ɗin nan za ka ga haruffan PMPO, lissafin talla ne wanda kowane kamfani ke yin sa yadda ya ga dama. Wanda ake dogara da shi shi ne RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa ba tare da yankewa ba. A makon jiya aka kawo mini irin wannan, na juya bayanta na nuna wa mai ita inda aka rubuta cewa wutar da take ja daga soket wat 60 ce, na tambaye shi ta yaya abin da ya ci 60 zai amayar da 3,000. Taransifomar da ke ciki ma ba ta kai dunƙulen hannuna ba. Ɗaga su biyun ka ji nauyinsu, sau da yawa mai nauyin ce ke faɗin gaskiya.

Malamin kimiyya, Bukuru: Na taɓa sayar da amfilifayata mai wat 40 na sayi mai 80, ina zaton ƙarar za ta ninka, sai na ji bambancin ɗan kaɗan ne, har maiɗakina ta tambaye ni ko tsohuwar ce na dawo da ita. Dalili kuwa shi ne ninka wat sau biyu desibel (ma'aunin ƙarar sauti) 3 kawai yake ƙarawa, kuma kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ya ninka sau goma. Abin da na yi sakaci da shi shi ne lasifikar kanta. Ana rubuta desibel ɗin da take fitarwa da wat 1 a tazarar mita 1, galibi tsakanin 85 da 90, don haka mai 90 tana buƙatar rabin ƙarfin da mai 87 ke buƙata kafin su yi daidai. A falo irin naka, Malam, sauraron labarai ko karatun Alƙur'ani da wuya ya ci fiye da wat biyu ko uku. Ragowar ajiya ce domin lokacin da ganga ko kalangu ya buga da ƙarfi.

Wata uwa, Rikkos: Ni asara na yi ranar sunan jikata. Yara suka fito da kayan falo tsakar gida, suka murɗa ƙarar har ƙarshe domin babu bango da zai mayar da sautin, muryar ta fara karcewa ba wanda ya kula, kafin la'asar ƙananan lasifikun sama duk sun ƙone. Mai gyara ya ce ƙaramar amfilifaya idan aka matsa mata fiye da ƙima, gurɓataccen sautin da take turawa shi ke ƙona su. Da na sani da na yi hayar kayan biki.

Mai gyaran kayan sauti, Dilimi: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Malam, ka kuma duba om ɗin lasifikunka, wato ma'aunin yadda suke turje wa wutar lantarki, domin mai om 4 tana jan wuta fiye da mai 8, kuma amfilifayar da ba a yi ta domin hakan ba za ta riƙa zafi tana kashe kanta. Idan wutar unguwarku tana yawan sauka ƙasa da volt 230, ka haɗa da sitabilaiza.

Mai tambaya, daga Unguwar Rogo: Na gode ƙwarai. Na duba bayan lasifikuna, om 8 ne da desibel 88, don haka gobe in Allah ya kai mu zan koma wajen mai wat 50 ɗin, in sa a kunna mini ita kafin in biya.