Wai me ya sa Sibelius ya yi shiru kusan shekara 30?

Direban_Jidda:
Salam 'yan uwa. Kafilina, wato maigidan da nake wa aiki, likita ne a nan Jidda, kullum in zan kai shi aiki kiɗa ɗaya yake sawa a mota, ba waƙa ba kalangu sai goge da kakaki, wai na wani Sibelius ne ɗan ƙasar Finland. Da farko barci yake sa ni wallahi, amma yanzu kunne ya saba har akwai wani Finlandia da nake ƙagara a zo kansa. Jiya yake ce min mutumin ya yi kusan shekara 30 bai fitar da babban kiɗa ba har ya mutu. To ciwo ne ko me?

Bakano_a_Riyad:
Wa alaikumus salam. Gaskiya likitanka ya faɗa. An haife shi 1865, ya mutu 1957 yana da shekara 91. Simfoni (wato babban kiɗa da taron makaɗa ke yi) bakwai ya yi, ta ƙarshe 1924, sai wani kiɗan mai suna Tapiola 1926, daga nan ɗif. Ba wai ya zauna haka nan ba ne fa, ya yi shekaru yana fama da ta takwas, har a Amurka ana ta jira yana ta alƙawari, ƙarshe dai wajen 1945 ya kwashe takardu ya zuba a murhun gidansa Ainola, matarsa Aino ce ta ba da labarin. Ni a ganina sunan da ya yi ne ya yi masa nauyi, duk abin da ya rubuta sai ya ga bai kai na baya ba.

Maman_Hanan:
Malam ka manta da giya. Ya sha sosai, ga sigari, har an yi masa tiyatar maƙogwaro a 1908 ya daina na wasu shekaru sannan ya koma. Da tsufa ya zo hannunsa rawa yake, rubutun kiɗa kuma ai ɗigo-ɗigo ne ƙanana.

Bakano_a_Riyad:
Hajiya haka ne, amma ai yana shan ya rubuta ta bakwai ɗin. Ki ƙara da bashi ma, da ya yi masa katutu dole yake aiki, da ya gama biya ga fansho gwamnati na ba shi, wa zai matsa masa?

Direban_Jidda:
Ikon Allah, mu Shata har ya tsufa bai ajiye waƙa ba. Na gode, gobe zan ce likita ya sa min ta bakwai ɗin, doguwa ce?

Maman_Hanan:
Minti ashirin da ɗan wani abu, a haɗe take ba tsayawa. In akwai cunkoso a hanya za ka ji ta tas kafin ku isa.