Excel zan ci gaba da shi ko in koma databes?

Abban Khairat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni nake riƙe da bayanan ma'aikata a wata makarantar kuɗi a nan Kano, reshe biyu ne, mu 64 har da masu gadi. Duk ƙarshen zango ina shigar da makin da hedimasta ya ba kowane malami, da bitar da ya halarta, da wanda ya yi rajistar TRCN (hukumar rajistar malamai ta ƙasa) da wanda bai yi ba. Excel nake amfani da shi tun farko amma wallahi abin ya fara fin ƙarfina, kowane zango sai na ƙara gurabe ta gefe har sai ka yi ta ja kafin ka ga ƙarshensa, kuma satin jiya na jera sunaye daga A zuwa Z ashe sunayen kaɗai na zaɓa, makin Malam wane ya koma kan Malama wance, sai da mai makarantar ta kira ni na gane. Wani ya ce in koma Access, manhajar databes ta Microsoft, wato rumbun adana bayanai a tsare. Me kuke gani?

Injiniya Sadiq:
Wa'alaikumus salam Malam. Mutum 64 ai ba komai ba ne, shafi ɗaya na Excel yana ɗaukar layi 1,048,576, matsalar tsarin ce. Ka yi shafi guda na ma'aikata zalla, kowa da lambarsa, sannan wani shafin daban na tantancewa inda kowane maki zai samu layinsa da kwanan wata, yana ƙaruwa ƙasa-ƙasa ba gefe ba. Lambar nan kar ka yi wasa da ita, don yau za a rubuta Muhammad gobe Mohammed jibi Muh'd, kwamfuta kuwa mutum uku take gani. Sannan ka danna Ctrl+T ya zama tebur, jerawa ba za ta sake wargaza maka layuka ba.

Maman Nana:
Ni dai Yallaɓai na ɗan saɓa da Injiniya. Tambayar ita ce mutum nawa ne ke taɓa fayil ɗin? Mu a ofishinmu ta WhatsApp ake yawo da shi, kowa da nasa kwafin, ranar da za a yi ƙarin girma kwafi huɗu muka samu kowanne da abin da yake faɗa, har lambobin wayar ma Excel ya cinye sifilin farko. Databes ba ya yarda ka shigar da lambar ma'aikaci ɗaya sau biyu in an saita shi. Sai dai Access a Windows kawai yake aiki, ba ka buɗe shi a waya, kuma in wanda ya haɗa shi ya bar aiki kun shiga uku.

Abban Khairat:
Mu uku ne Hajiya, ni da hedimastocin biyu, su kuma da waya suke aiki.

Injiniya Sadiq:
To ai magana ta ƙare, Access ba naku ba ne. Ka ɗora shi a Google Sheets, wato irin Excel ɗin Google na intanet, ka haɗa musu fom a Google Forms su riƙa cikewa ta waya, kai kaɗai kake da ikon gyara. In an yi ɓarna akwai tarihin sauye-sauye, sai ka dawo da na jiya. Albashi dai kar ka sa a ciki.

Abban Khairat:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Asabar zan zauna in raba shafukan, tsofaffin zanguna tara ne za su ci min lokaci.