Jinin wa sauro ya sha? Shawarwarin da suka fito daga wata tattaunawa a Damagaram

Ma'aikatan lafiya da likitocin dabbobi da suka zauna a Damagaram sun fi daɗewa a kan tambaya guda: da sauro ya cika ciki, jinin mutum ne ko na saniya? Macen sauro ce kaɗai ke shan jini, kuma ƙwayoyin gado na wanda ta ciza suna nan cikin cikinta, sai a ninka su ta hanyar da ake kira PCR a gane mai jinin.

Shawara mafi nauyi ita ce gaggawa. A kama sauron da asuba, a ɗakunan kwana da garken dabbobi da bakin tabkuna, domin bayan kwana ɗaya ko biyu jinin ya narke. A matse cikin a kan takardar tacewa, a shanya ta a inuwa, a rubuta wuri da rana kafin a aika Yamai. A ganina nan aikin ya fi lalacewa, musamman da zafin bazara.

Sun kuma ja kunne kada a tsaya a ɗakuna kawai, don saniya ba ta kwana a ɗaki, sakamakon zai karkata ga mutum. Nau'in sauron da ake kira Anofilis gambiye, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, ya fi son jinin mutum, amma ɗan'uwansa arabiyensis yana haɗawa da na shanu, kuma yakan yi cizo a waje inda gidan sauro ba ya kaiwa. Wani likitan dabbobi ya tuna zazzaɓin Rift, ciwon dabbobi da mutane da sauro ke yaɗawa, wanda ya auka wa makiyayan jihar Tawa a 2016, ya nemi a sa awaki da raƙuma cikin binciken.