Shin ya dace a zuba kuɗin jama'a a binciken kimiyya mai haɗa fannoni da yawa?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina karatun digiri na biyu a fannin lissafi, kuma an sa ni cikin wata tawagar bincike da gwamnati ke ɗaukar nauyinta, wadda ta haɗa likitoci da masana kwamfuta da masu nazarin zamantakewa. Wata uku ke nan muna zama, amma rabin lokacinmu yana ƙarewa ne wajen gane abin da kowa yake nufi. A zamanmu na farko mun shafe kusan awa guda muna gardama a kan kalmar "samfuri", ashe likitan yana nufin jinin da ke cikin kwalba, ni kuwa ina nufin mutanen da aka zaɓo don gwaji. Idan na tuna cewa Tarayyar Turai ta ware kimanin yuro biliyan 95 ga shirinta na tallafa wa bincike mai suna Horizon Europe na 2021 zuwa 2027, sai in tambayi kaina: shin ba zai fi alfanu ba a bar kowane fanni ya yi aikinsa shi kaɗai, ko kuma a bar wa kamfanoni wannan ɗawainiya?

Malamar ilimin halittu:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Game da kamfanoni, amsar a fili take. Kamfani yana zuba jari ne inda yake hango riba nan kusa, alhali binciken da ya fi sauya rayuwar mutane sau da yawa ba a san amfaninsa ba a ranar da aka fara shi. A 1966 masanin ƙananan halittu Thomas Brock, da tallafin hukumar kimiyya ta gwamnatin Amurka, ya ɗebo wasu ƙwayoyin halitta daga maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone, don kawai ya san yadda abu mai rai ke jure wannan zafi. Sai bayan kusan shekara ashirin masana sinadarai suka gano cewa wani sinadari da ke jikin waɗannan ƙwayoyi shi ne ya dace da dabarar PCR ta ninka sinadarin gadon halitta a ɗakin gwaji, wadda duniya ta dogara da ita wajen gwajin cutar korona. Wane ɗan kasuwa ne zai biya kuɗin wannan tafiya a 1966?

Tsohon jami'in bincike:

Malama, da dukkan girmamawa, misalinki ya kare kuɗin gwamnati ne kawai, bai kare haɗa fannoni ba, kuma a nan ne tambayar ɗalibin nan ta fi nauyi. Na yi aiki a wani shiri inda aka rubuta sunayen fannoni biyar a takardar neman tallafi, amma da kuɗi suka fito kowa ya ɗauki rabonsa ya koma ɗakinsa, aka haɗu a ƙarshe aka liƙa babi biyar wuri guda aka kira shi rahoto. Laifin ba na masu binciken ba ne kaɗai. Masu tantance takardun neman tallafi yawanci ƙwararru ne a fanni guda, ƙarin girma a jami'a ma a kan mujallun fanninka ake auna shi, don haka matashin da ya ba da shekarunsa ga aikin haɗin gwiwa yana iya samun kansa ba tsuntsu ba tarko.

Malamar ilimin halittu:

Gaskiyarka, Malam, kuma na ga irin wannan da idona. Sai dai akwai tambayoyin da fanni guda ba zai taɓa iya amsawa ba, kuma su ne suka cancanci irin wannan tsari. Aikin karanta tsarin gadon halittar ɗan'adam, wanda aka fara a 1990 aka kammala a 2003 da haɗin gwiwar Amurka da Birtaniya da Japan da Faransa da Jamus da Sin, ba zai yiwu ba sai da injiniyoyin da suka ƙera na'urori da masana kwamfuta da suka harhaɗa haruffa kusan biliyan 3. Tun daga farko an ware wani kaso na kasafinsa don nazarin shari'a da ɗa'a. Abin da ya fi burge ni shi ne yarjejeniyar da suka cimma a tsibirin Bamuda a 1996, cewa duk abin da aka karanta a sake shi ga jama'a cikin awa 24. A ganina wannan shi ne sharaɗin da ke halatta kashe kuɗin mai biyan haraji: abin da aka gano ya zama na kowa.

Kai kuma ɗan'uwa, gardamar da kuka yi a kan "samfuri" ba ɓata lokaci ba ce, alama ce cewa da gaske kuna aiki tare. Ku buɗe takarda guda ku rubuta ma'anar kowace kalma da kuka yi saɓani a kanta.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Malama da Malam. Zan gabatar da shawarar takardar a zamanmu mai zuwa, kuma zan tambayi shugaban tawagarmu tun yanzu a ina za a ajiye bayanan da muke tarawa, da kuma wanda zai samu damar ganinsu idan shirin ya ƙare.