Neman shawara: farin soso ya narke mini ina tsakiyar haɗa allon shiga ruwa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa na wannan zaure. Ni kafinta ne a Ɗorayi, kuma na daɗe ina son ƙera allon nan da ake tsayawa a kansa ana tuƙawa da filafili, ɗan uwan wanda ake hawan igiyar teku da shi. Tun da ba mu da teku a Kano, niyyata in gwada shi a dam ɗin Tiga. Na manna farin soson da ake tallafe firij da shi a cikin kwali, na sa siririn filawud a tsakiya ya zame masa ƙashin baya, sannan na sassaƙe shi ya kai tsawon ƙafa 10 da faɗin inci 32. Jiya na shimfiɗa faiba, wato shimfiɗar zaren gilas da ake lulluɓe allon da ita don ya yi ƙarfi, na zuba ruwan gam da na saya a wajen masu gyaran jikin mota, amma kafin in ajiye buroshi sai na ga hancin allon yana lotsawa kamar ledar da ta taɓa wuta. Mako uku na yi a kan wannan aiki. Ina na kuskure, kuma zai gyaru?

Wani dattijo mai gyaran jikin mota a Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, hannunka bai yi laifi ba, gam ɗin ne ba nasa ba. Wanda muke liƙe bamba da shi foliyesta ne, kuma akwai sinadarin sitirin a cikinsa, wanda yake cinye irin wannan soso kamar yadda fetur yake cinye shi. Abin da ya dace da kai shi ne efoksi, mai zuwa a gwangwani biyu. Mai shago zai iya ce maka duk ɗaya ne, don haka ka tafi da guntun soso a aljihu, a ɗiga masa a gabanka kafin ka biya kuɗi. Haka kuma faibar da muke amfani da ita, mai hargitsattsen zare kamar tabarmar gashi, ba ta jiƙuwa da efoksi yadda ya kamata, ga shan gam, ga nauyi. Ka nemi saƙaƙƙiya mai kama da yadi, mai nauyin giram 200 a kowace murabba'in mita, ka sa falle biyu a saman da za ka taka, ɗaya a ƙasa. Gyara kuwa mai sauƙi ne: ka yanke inda ya narke har ka iske lafiyayyen soso, ka manna sabo, ka goge da samfefa.

Wani malamin makarantar koyon sana'a:
Abin da Baba ya faɗa haka yake. Sai dai, Malam, ba ka gaya mana kaurin allon ba, alhali shi ne zai ɗauke ka, domin kowace lita ɗaya ta girman allo kilo ɗaya take ɗauka a ruwan dam, kuma mai koyo yana bukatar ninki biyu na nauyinsa ko fiye. Da wannan tsawo da faɗi, kaurin inci 5 zai kai ka kusa da lita 200.

Babbar matsalarka ita ce zafin garinmu. Efoksi yana ɗaukar zafi da kansa idan an haɗa shi, ta yadda a bazara zai iya daskarewa a cikin kofi yana hayaƙi, saboda haka ka riƙa haɗa kaɗan-kaɗan bisa ma'aunin da ke jikin gwangwani, ka juye shi a kan faiba nan take. Ka yi aikin bayan la'asar, lokacin da gari ya fara hucewa, domin da hantsi iskar da ke cikin soso tana kumbura ta huda gam ɗin da ƙananan ramuka. Saboda wannan dalilin ne ake sa wa allon ƙofar shaƙar iska mai murfi, a yi masa farin fenti, kuma ba a barinsa a rana. Kada ka goge faiba ba takunkumi da safar hannu.

Wani ɗan masunta daga Tiga:
Yayana, idan ka zo ka fara gaida sarkin ruwa, shi zai nuna maka inda babu raga da kututture. Ka sa rigar da ke hana nutsewa ko da ka iya iyo, ka ɗaure allon a ƙafarka da igiya, domin iska tana janye shi da sauri. Ba mu manta da kifewar kwalekwalen Bagwai a 2021 ba. Akwai kuma tsargiya a ruwan dam, musamman a bakin gaɓa mai ciyayi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na auna yanzu, kaurinsa inci 4 ne kawai, ni kuwa kilo 82 nake, don haka zan ƙara falle ɗaya na soso kafin in koma kan hancin. Baba, gobe in sha Allahu zan shigo Ƙofar Ruwa da guntun soson a aljihu.