Baba na da suga, an ƙara masa maganin kitse, in saya ko in bari?

Ɗan Rikkos: Salam jama'a. Babanmu shekara 58, yana kan maganin suga na metformin. Jiya likita ya ƙara masa atorvastatin 20mg wai kar kitse ya toshe masa jijiyoyin jini, alhali kolestarol ɗinsa bai wani hau ba kuma mutumin siriri ne. Kuɗin hannuna kaɗan ne, in sayi wannan ko tsinken gwajin suga?

Maman Ilham: A ba shi zogale da tafarnuwa da safe, ya bar tuwon shinkafa.

Na Dilimi: Ɗan'uwa ka saya wallahi. Hajiyarmu haka aka rubuta mata muka ce ai ba ta da ƙiba, muka koma sayen maganin jarka wajen masu lasifika, sai ta fara cewa ƙwaurinta na ɗaurewa in ta taka zuwa maƙwabta, in ta tsaya ya sake ta. Muka ce sanyin Jos ne. Wajen yanke farce ta ji ɗan ciwo ya ƙi warkewa, yatsan ya yi baƙi, a asibiti suka taɓa bayan ƙafar babu bugun jini. Ƙasan gwiwa aka yanke. Mai jarkar har yau yana nan yana talla.

Anti Nas: Allah ya ba Hajiya lafiya. Ba kitsen tumbi ake nufi ba. Suga in ya yi yawa yana lalata fatar cikin jijiya, mugun kolestarol ɗin da ake ce wa LDL ya shige bangon, ƙwayoyin garkuwar jiki su haɗiye shi su kumbura su zauna a wurin, hanya ta tsuke. Kuma yawancinsa hanta ce ke ƙerawa, ba suya kawai ba, maganin ita yake rage wa gudu. Shi ya sa mai suga da ya haura 40 ake ba shi ko gwaji bai hau ba.

Maman Ilham: To ke nas ce ba likita ba. Kakata da zogale ta kai 90.

Anti Nas: Maman Ilham ai likitan ne ya rubuta tun farko.

Bauchi Road: Kwalin atorvastatin 4,500 na saya a kasuwar Terminus ta Jos.

Ɗan Wuse: Wane 4,500? Lipitor, wato atorvastatin na asalin kamfani, 30,000 ya wuce sanda na duba a nan Abuja, naka alli ne malam 😂

Mai Awara: A tsuke komai amma a bar mana suyar dare don Allah.

Bauchi Road: Nawa ɗan Indiya ne, da lambar NAFDAC. Ku 'yan Abuja kwali kuke saye. Da kamfanin magani na GSK suka tattara suka bar Najeriya a 2023, magungunansu irin su Augmentin da Ventolin ma sun gagari talaka.

Ɗan Wuse: Mu da ake cire mana inshora a albashi kullum sai a ce babu, je ka kemis.

Ɗan Rikkos: Jama'a tsinken gwajin fa?

Na Dilimi: Inshorar ma ko sandar Hajiya ba su biya ba.