Shin ya dace a koya wa 'yan sakandare dokokin yaƙi?

Muhawarar ta tashi a zauren iyaye da malamai na wata makarantar al'umma a Agege da ke Legas, bayan an kawo shawarar ware awa ɗaya kowace Asabar domin koya wa manyan ɗalibai dokokin yaƙi da mutuncin ɗan Adam.

Alhaji, mai fataucin shanu a Oko-Oba:
Assalamu alaikum. Ni ban goyi bayan wannan shawara ba. Yaranmu suna fama da lissafi da Turanci, jarrabawar WAEC tana gabansu, sai kuma a ɗora musu darasin da ya kamata a bar wa barikin soja. Kuma ina tambaya, wace doka ce ta hana a kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a 2014? Dokar da mai bindiga ba ya jin tsoronta, karanta ta ga yaro ɓata lokaci ne.

Malama mai koyar da ilimin zama ɗan ƙasa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, da girmamawa, ana sata kullum a Legas, amma ba mu daina koya wa yara haramcin sata ba. Yarjejeniyoyin Geneva guda huɗu na 1949, waɗanda Najeriya take cikinsu, sun wajabta wa ƙasashe yaɗa abin da suka ƙunsa, har suka ambaci shigar da shi cikin karatun farar hula idan da hali. Cikin ajina akwai yaran da iyayensu suka gudo daga Borno. Wata yarinya ta taɓa tambayata ko laifi ne a harbi wanda ya ajiye bindiga ya ɗaga hannu, ajin ya yi tsit, sannan ya rabu gida biyu. Waɗanda suka ce ba laifi ba ne, wasunsu suna shirin neman shiga soja.

Baba, tsohon soja mazaunin Obalende:
Malama, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A farkon yaƙin basasa, a 1967, gwamnatin Gowon ta fitar wa sojojin tarayya ƙa'idar aiki wadda ta hana taɓa mata da yara, da asibitoci, da wanda ya miƙa wuya. Takardar tana nan, amma duk da haka aka kashe farar hula da yawa a Asaba cikin Oktoban wannan shekarar. Dalili kuwa shi ne, abin da aka karanta wa matashi ana gobe fita fagen daga ba ya zama a zuciyarsa, musamman idan ya ga gawar abokinsa. A lokacin, abin da ya taso da shi tun yana yaro ne kaɗai yake riƙe masa hannu. Saboda haka ina ganin barikin da Alhaji yake magana ya yi latti.

Malam, limamin wani masallaci a Idi-Araba:
Abin da nake tsoro dabam ne, wato a gabatar wa yara wannan ilimi kamar daga Turai ya faro. Gaskiya ne Henry Dunant, ɗan ƙasar Switzerland, ya ga tulin raunatattu a fagen yaƙin Solferino da ke Italiya a 1859, daga nan aka kafa Red Cross a 1863. Amma fiye da shekara dubu kafin haka, Sayyidina Abubakar ya yi wa kwamandan rundunarsa Yazidu ɗan Abu Sufyan wasiyya, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa Malik, cewa kada ya kashe mace ko yaro ko tsoho tukuf, kada ya sare itace mai 'ya'ya, kada ya rushe gini. Wasu fursunonin Badar kuwa da koya wa yaran Madina rubutu suka fanshi kansu. Idan za a fara daga nan, da kuma ayar Suratul Isra'i da ta ce an karrama 'yan Adam, ina goyon baya.

Barista, mai aiki a Ikeja:
Allah ya gafarta Malam, na yarda a fara daga nan, amma kada a tsaya nan, domin akwai batutuwa irin su jefa bam daga jirgi da alamar motar asibiti waɗanda yarjejeniyoyin zamani suka yi wa bayani dalla-dalla. Ina kuma so a kiyaye abu guda. Dokokin yaƙi ba sa aiki a kan tarzoma irin ta Idi-Araba a 2002 ko ta Mile 12 a 2016. Waɗannan suna ƙarƙashin dokar laifuka da tsarin mulki, wanda sashe na 34 nasa ya hana azabtarwa da wulaƙanta mutum. Rikicin Arewa maso Gabas shi ne ya shiga ƙarƙashin sashe na 3 da yarjejeniyoyin huɗu suka yi tarayya a kansa, wanda ya wajaba a kan gwamnati da 'yan tawaye baki ɗaya. Malamin da ya cakuɗa waɗannan zai rikita yara.

Alhaji:
To Barista, ka ƙara mini hujja. Idan har abin yana da wannan sarƙaƙiya, wa zai koyar da shi a makarantarmu, kuma wa zai biya shi? Sannan a Rann ta jihar Borno, a Janairun 2017, jirgin sojanmu ne ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, ma'aikatan agaji suna cikin waɗanda suka mutu.

Malama:
Alhaji, sanin dokar ne ya sa aka tilasta bincike a kan Rann, maimakon a ce ƙaddarar yaƙi ce kawai a wuce. Game da malami kuwa, zan ɗauki darasin ba tare da ƙarin albashi ba, idan Barista zai duba abin da na tsara, Malam kuma ya ɗauki ɓangaren fiƙihu.

Alhaji:
Ban sauya ra'ayi a kan 'yan ajin ƙarshe ba, a bar su da jarrabawarsu. Idan na aji huɗu da biyar ne, a gwada zango ɗaya, kuma ina so a turo mana abin da za a koyar mu gani kafin a fara.